Ruwa Ne Ya Tara Mu, Takarda Ce Ta Tsare Mu

Ƙasar Bangladesh ba ta kai kashi 1 cikin 100 na faɗin Rasha ba. Da za a ɗauke ta a jefa cikin Saiberiya, sai an sha nema kafin a gano inda ta faɗa. Amma mutanen da ke cikinta, kimanin miliyan 170, sun fi na Rasha yawa, ita da ba ta cika miliyan 150 ba. Na daɗe ina juya wannan lissafi a raina. A wani gefen duniya mutum ba zai miƙe ƙafa ba sai ya taɓa maƙwabci, a wani gefen kuma sai matafiyi ya wuni yana tafiya bai hango hayaƙin murhu ba.

A ranar 15 ga Nuwamba 2022 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanar da cewa mun cika biliyan 8. Adadin ya yi ta yawo a bakin mutane, ana ta cewa duniya ta cika ta batse. Ni kuwa rabon ya fi jimillar ɗaure mini kai. Kusan mutum 9 cikin kowane 10 suna zaune a rabin duniya na arewa. Indiya da Sin kowace tana da sama da biliyan 1.4, wato cikin kowane mutum uku da ke numfashi a yau ɗaya nasu ne, har da ɗoriya. Tsibirin Girinlan kuwa, mai faɗin murabba'in kilomita sama da miliyan 2, mutanenta duka-duka kusan 56,000 ne. Babban filin ƙwallo ɗaya zai kwashe su, a kuma bar kujerun da ba kowa.

Amsar da aka ba mu a darasin labarin ƙasa ita ce ruwa, da ƙasar noma, da yanayi. Ba na jayayya da malamanmu, gaskiya suka faɗa. Sai dai rabin maganar suka yi, kuma rabin da suka bari shi ne mai ɗaci. Amma bari a fara ba ruwa haƙƙinsa.

Babu inda ruwa ya nuna ikonsa ƙarara kamar Masar. Ƙasa ce mai murabba'in kilomita kusan miliyan 1, da mutane sama da miliyan 100, amma kusan kashi 95 cikin 100 nasu sun matsu a kan kimanin kashi 5 na ƙasar, wato bakin Kogin Nilu da fadamar da ya shimfiɗa kafin ya faɗa Bahar Rum. A kudancin Masar sai a shekara ba a ga ɗigon ruwan sama ba. Daminar da ke ciyar da su a tsaunukan Habasha take sauka, dubban kilomita daga gonakinsu. Shekaru dubbai, kowace shekara kogin yakan cika ya yi ambaliya, ya ja baya ya bar wa manomi baƙar laka mai taki kyauta, har zuwa lokacin da aka kammala madatsar Aswan a 1970. A wurare da yawa a can mutum zai iya ɗora ƙafa ɗaya a kan ɗanyar ciyawa, ɗayar a kan rairayin hamada.

Asiya ta samu abin da ya fi haka. Daga Himalaya da tudun Tibet manyan koguna suke gangarowa, Indus da Ganga da Brahmaputra da Mekong da Yangtze da Huang He, kowanne ɗauke da ƙasar da ya zaizayo daga duwatsu yana zubewa a filaye. Ga kuma iskar damina da ke kwaso ruwa daga teku kowace shekara. A kan wannan aka ɗora shinkafa, kuma a nan nake so a ɗan tsaya, domin shinkafar fadama ba kamar sauran hatsi ba ce. Gona ƙarama tana ciyar da gida guda, a inda babu sanyi ana girbe ta sau biyu ko uku a shekara, kuma ƙasar da ruwa ke kwana a kanta ba ta saurin gajiya. Amma tana cin hannu ƙwarai. Sai an yi kunya an tare ruwa, an yi reno, an cire an dasa ɗaya bayan ɗaya, an gyara magudana. Shinkafa tana ciyar da mutane da yawa, tana kuma neman mutane da yawa, don haka duk yaron da aka haifa baki ne, kuma hannu ne. Kwatanta da makiyayi, wanda kafin ya riƙe garken da zai ciyar da iyalinsa sai ya samu daji mai faɗi. Shi ya sa Mongoliya, mai murabba'in kilomita sama da miliyan 1.5, mutanenta ba su kai miliyan 4 ba, kuma kusan rabinsu ma a birni ɗaya suke, Ulaanbaatar.

A 1935 wani masanin labarin ƙasa a Sin mai suna Hu Huanyong ya ja layi a taswirar ƙasarsa, daga Heihe a arewa maso gabas zuwa Tengchong a kudu maso yamma. Ya tarar kashi 96 cikin 100 na jama'a suna gabas da layin. Tun daga nan Sin ta ga yaƙi, ta ga juyin juya hali, ta ga yunwa, ta ga masana'antu da jiragen ƙasa masu gudun tsiya, amma har yau kusan kashi 94 suna nan gabas, a kan ƙasar da ba ta kai rabi ba. Layin ruwan sama ne, kuma gwamnati ba ta iya matsar da hadari.

Kada kuma a ɗauka yawan ruwa shi ne albarka. Tsibiran Jawa da Borneo maƙwabta ne, zafinsu ɗaya, dukansu ruwa kamar da bakin ƙwarya. Jawa tana ɗauke da mutane kusan miliyan 150, sama da rabin Indonesiya, a kan kimanin kashi 7 na ƙasar. Borneo ta ninka ta fiye da sau biyar a girma, amma mutanenta ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na na Jawa ba. Bambancin toka ne. Jawa cike take da duwatsu masu aman wuta, kuma tokar da suke fesawa tana sabunta ƙasa. A Borneo ruwan sama ya daɗe da wanke takin ƙasar, albarkar tana jikin bishiyoyi, in an sare daji an yi noma shekara biyu ko uku sai gonar ta mutu. Haka abin yake a yawancin dajin Amazon da na Kwango. Dutsen Merapi na Jawa ya yi aman wuta a 2010 ya kashe mutane sama da 300, ƙura na lafawa manoma suka koma gindinsa. Duk wanda ya ce musu wawaye bai san yunwa ba.

Akwai kuma ƙananan halittun da suka zana taswirar mutane ba tare da an ba su lambar yabo ba. Sauro na cikin abin da ya kori mutanen ƙasashe masu zafi zuwa kan tudu, ga Addis Ababa da Bogota da birnin Meksiko duk suna sama da mita 2,000, kuma Ruwanda mai tsaunuka tana cikin ƙasashen da suka fi cunkoso a Afirka. A ƙasashen sanyi mutane gudun tsauni suke yi, a ƙasashen zafi hawansa suke yi. Ƙudan tsando, mai sa wa mutum ciwon barci ya sa wa saniya sammore, ya hana wani babban yanki na Afirka shanun huɗa da doki da keken shanu, kuma wanda ba shi da dabbar aiki iyakar gonarsa iyakar ƙarfin damtsensa. Mafi ban tausayi shi ne wani ɗan baƙin ƙuda da ke hayayyafa a ruwa mai gudu yana yaɗa cutar makanta. A kwarin Kogin Volta a Afirka ta Yamma ya sa mutane sun bar fadamu mafi kyau sun koma kan tsandauri. Sai da aka ƙaddamar da gagarumin shirin yaƙi da shi a 1974 kafin aka sake buɗe kimanin hekta miliyan 25 don noma da zama. Ga ruwa, ga ƙasa, amma babu mutane. Tun daga nan ya kamata a gane amsar aji ba ta ɗinke ba.

Abin da ya fi damuna da waccan amsa shi ne yadda take sa mutum ya ɗauka cewa haka rabon yake tun fil'azal, kuma haka zai dawwama. Ita kanta Sahara ba kullum take hamada ba. Shekaru dubu shida zuwa dubu goma da suka wuce ciyawa ce da tafkuna, kuma mutanen da suka zauna cikinta sun bar shaida a jikin duwatsun Tassili a Aljeriya da na Ayar a Nijar, zanen shanu da raƙuman dawa da giwaye. Da ruwa ya janye, suka bi shi.

Ga misalin da ya sauya mini tunani gaba ɗaya. Jihar Iowa a Amurka girmanta kusan ɗaya da Bangladesh. Ƙasarta baƙa ce mai zurfi, tana cikin mafi albarka a duniya, ruwan sama na sauka daidai gwargwado, manyan koguna biyu sun sa ta a tsakiya. Mutanenta miliyan 3 ne da 'yan kai. Bangladesh ta ninka ta fiye da sau hamsin. In ƙasa da ruwa ne kaɗai ke yanke hukunci, ina sauran mutanen Iowa? An yarda akwai sanyin hunturu da ke hana noma sau biyu a shekara, amma arewacin Sin ma na da hunturu, kuma cike yake maƙil.

Amsar tana cikin lokaci. Yawan jama'a kamar garke ne. Wanda ya fara kiwo da shanu ɗari da wanda ya fara da biyu, ko da makiyayarsu ɗaya, bayan shekara ashirin ba za a haɗa su ba, domin haihuwa a kan abin da ke hannu take ninkuwa. Daular Han ta Sin ta yi ƙidaya a shekara ta 2 bayan haihuwar Annabi Isa (AS) ta samu mutum sama da miliyan 57. Shekara dubu biyu ke nan garken yana haihuwa. Kwarin Ganga ma haka. Yawan da muke gani a Asiya a yau gado ne, tarin abin da kakanni suka bari tun zamanin da wasu wuraren ba su san garma ba.

Kuma wasu garkunan ba jinkirin farawa suka yi ba, yanka su aka yi. Lokacin da Sifaniyawa suka isa Tenochtitlan a 1519, inda birnin Meksiko yake yanzu, sun tarar da gari da ya fi yawancin biranen Turai na wancan zamani girma. Agana da ƙyanda da suka zo da baƙin, waɗanda jikin 'yan ƙasa bai taɓa sani ba, haɗe da yaƙi da aikin tilas, sun share mutum 8 ko 9 cikin 10 a yankuna da dama. A arewacin nahiyar Amurka, waɗanda cuta ta rage aka kore su da bindiga da yarjejeniyoyin yaudara. Filin da Turawa suka kira “ƙasar da ba kowa” sharar sa aka yi. Kafin ya sake cika kuma injin noma ya iso, mutum ɗaya ya riƙa nome abin da ɗari ke nomewa, sai buƙatar cika shi ta kau. Wannan shi ne labarin Iowa.

Afirka ta sha nata. Kimanin mutum miliyan 12.5 aka loda a jiragen bayi zuwa ƙetaren Atlantika, ban da waɗanda aka ratsa da su Sahara da Tekun Indiya, ban da waɗanda suka mutu a harin kamu da kan hanya. Kuma ba tsofaffi ake ɗiba ba, majiya ƙarfi ne, masu haihuwa. Burazil kaɗai ta karɓi kusan miliyan 5, shi ya sa yau take da baƙar fata fiye da yawancin ƙasashen Afirka. Waɗanda suka tsira kuma tsoro ya zaɓa musu mazauni. Ƙabilar Dogon ta Mali sun maƙale a jikin dutsen Bandiagara, wasu ƙabilu sun haye tsaunukan Mandara, mutanen Ganvie a Benin sun kafa garinsu a kan turaku a tsakiyar tafki. Ba daɗin wurin ne ya kai su ba. Abin da ya koro ɓera daga rami ya faɗa wuta ya fi wutar zafi.

Ko a Turai akwai irin wannan tabo. A ƙidayar 1841 tsibirin Ailan na da mutum sama da miliyan 8. Daga 1845 cuta ta faɗa wa dankalin da talaka ya dogara da shi, kusan miliyan 1 suka mutu, sama da miliyan 1 suka haye teku, alhali jiragen ruwa na ci gaba da fitar da abinci daga tsibirin zuwa Ingila. Har yau, bayan shekara 180, tsibirin bai koma adadinsa na da ba. Ƙasar ba ta sauya ba, ruwan sama bai ragu ba.

Daga ƙarni na 19 zuwa yau wani sabon kogi ya ɓullo, wato kuɗi, kuma shi ba ruwansa da gangare. Johannesburg ba ta bakin teku, ba ta bakin wani babban kogi, zinariyar da aka gano a 1886 ce ta haife ta, ruwan shanta ma daga nesa ake jawo shi. Norilsk a arewacin Rasha, inda rana ke ɓacewa kusan wata ɗaya da rabi a hunturu, fursunoni aka sa suka fara gina ta daga 1935 saboda ma'adinan da ke ƙarƙashinta. Phoenix a hamadar Amurka tana da mutum kusan 107,000 a 1950, a 2020 ta kai miliyan 1.6, albarkacin na'urar sanyaya ɗaki da ruwan da ake janyowa. Ƙasashen Tekun Fasha suna tace ruwan gishiri da kuɗin mai su shayar da miliyoyi. Shenzhen ƙaramar alƙarya ce kafin gwamnatin Sin ta ware ta don kasuwanci a 1980, a ƙidayar 2020 ta haura miliyan 17. In kogin kuɗin ya ƙafe kuma, haka ake watsewa. Detroit a Amurka ta faɗo daga miliyan 1.8 a 1950 zuwa ƙasa da 650,000 a 2020.

Da zarar mutane sun taru, taron kansa ya zama dalili. Mai sana'a yana son inda masu saye suke, mai masana'anta yana son inda ma'aikata suke, likita da malami da maroƙi duk haka. Yankin Tokyo na ɗauke da mutum kusan miliyan 37, a daidai lokacin da binciken gwamnatin Japan na 2023 ya ƙirga gidaje miliyan 9 da babu kowa a ciki. Matashi ya gwammace ɗan ɗakin da bai fi akurki ba a birni da gidan kakansa mai fili a ƙauye, kuma ban ga laifinsa ba.

Wannan ne ya sa nake murmushi duk lokacin da na ji wata gwamnati ta ce za ta “rage cunkoso” ta hanyar raba mutane. An sha gwadawa. Burazil ta koma Brasilia a 1960, Sao Paulo ba ta fasa kumbura ba. Nijeriya ta koma Abuja a 1991, Legas ta ƙara ninkuwa. Indonesiya ta gaji wani shiri daga Turawan Holan ta kwashe miliyoyin mutane daga Jawa zuwa sauran tsibirai, abin da aka samu shi ne sare dazuka da rikici da 'yan asalin wuraren, Jawa kuwa tana nan da fiye da rabin jama'a. Tarayyar Sobiyet ta cika arewa mai nisa da mutane, wasu da sarƙa wasu da albashi mai tsoka. Tana rushewa suka tattara komatsansu. Yankin Chukotka ya faɗo daga kusan 160,000 a 1989 zuwa kusan 54,000 a 2002. Ana iya kafa gari da doka, amma riƙe mutum a inda babu abin yi sai da tsada ko da bulala. Kuɗin da ake narkarwa a irin waɗannan mafarkai, da a bututun ruwa da magudana da hanyoyin unguwannin da mutane suka riga suka zaɓa aka zuba su, da an fi ganin amfani.

To, in mutane suna bin abinci da kuɗi kamar yadda ruwa ke bin gangare, me ya sa duniya ba ta daidaita kanta ba? A nan muka iso rabin maganar da ba a koyar da mu ba.

An taɓa yin zamanin da gangaren ya yi aiki, amma ga wasu kaɗai. Tsakanin 1850 da 1914 Turawa sama da miliyan 40 suka bar nahiyarsu zuwa Amurka da Kanada da Ajantina da Burazil da Ostireliya, yawancinsu talakawa, kuma ba wanda ya tambaye su biza. A ƙidayar Ajantina ta 1914 kusan mutum 3 cikin 10 a waje aka haife su. Turai ta sauke nauyin da ya yi mata yawa a kan nahiyoyi uku. A daidai wannan lokaci Amurka ta kafa dokar hana 'yan Sin shiga a 1882, Ostireliya kuma ta kafa tata a 1901 don ƙasar ta zama ta farar fata zalla, manufar da ba a gama binne ta ba sai 1973. Duba taswira. Tsakanin arewacin Ostireliya da tsibiran Indonesiya 'yan ɗaruruwan kilomita ne, har masunta daga Makassar sun saba zuwa gaɓarta tun kafin Ingilishi su kafa zango. Ingila kuwa tana ɗaya bangon duniya. Amma daga Ingila aka cika ta. Wane yanayi ne ya yi wannan?

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ƙofofin suka rufe wa kowa. A 1920 aka yi taro a Faris aka tsara fasfo irin wanda muka sani. Daga nan ɗan littafin da ke aljihun mutum ya fi kogi da tsauni iko a kan inda zai kwana. Duk hayaniyar da ake yi a kan baƙin haure, ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2020 ta nuna mutum miliyan 281 ne ke zaune a wajen ƙasar haihuwarsu, wato kashi 3.6 cikin 100. Sauran 96 suna inda aka yanke musu cibiya, ko dai cikin iyakar ƙasar. Ko 'yan gudun hijira ma, kusan 7 cikin 10 a ƙasar da ke maƙwabtaka da tasu suke tsayawa. Saboda haka in aka tambaye ni dalilin da ya sa mutane suke inda suke a yau, gajeriyar amsata ita ce can aka haife su, kuma ba a bar su sun fita ba. Wani lokaci ma shingen a cikin gida yake. Tun 1958 Sin take da rajistar da ke ɗaure mutum da garinsu, ta yadda ma'aikata 'yan ƙauye kusan miliyan 300 suke gina biranen da ba su da cikakken haƙƙin makaranta da asibiti a cikinsu.

Na san abin da za a ce mini, kuma akwai gaskiya a ciki. Ba kowane fili ne mazauni ba. Tsakiyar Ostireliya hamada ce, shi ya sa fiye da mutum 8 cikin 10 suke zaune kusa da gaɓar teku. Arewacin Kanada ƙanƙara ce, shi ya sa biyu cikin uku suke maƙale cikin kilomita 100 daga iyakar Amurka. Haka kuma kowace ƙasa na da ikon sanin wanda zai shigo mata, kuma ni ba ina kira a ɓalle ƙyamare ba ne, na san abin da hakan zai haifar. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a rufe ƙofa sannan a ɗora wa yanayi laifi, ko a dubi wanda aka haifa a wuri mai cunkoso a ce shi ya jawo wa kansa. Waɗanda kakanninsu suka cika jiragen ruwa ba takarda su ne suka fi kowa ɗaga murya a kan takarda.

Ban kuma yarda cunkoso shi ne talauci ba. Holan da Koriya ta Kudu kowace na da mutum sama da 500 a kowane murabba'in kilomita, Singafo kusan 8,000, kuma ba su ne ke neman agaji ba. Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ba ta kai 10 ba, ga ruwa ga daji ga lu'ulu'u, kuma tana cikin mafi talauci a duniya. Watsuwar jama'a ma tsada ce da ita. Hanyar kilomita ɗari da za ta yi wa mutum miliyan aiki da wadda za ta yi wa mutum dubu biyar, kuɗin kwaltarsu ɗaya. Haka wayar lantarki, haka asibiti, haka makaranta. Yawa shi kan sa zare ya ja dutse, in an samu mai haɗa zaren.

Taswirar kuma tana motsi a gaban idonmu, kuma ɗakin haihuwa ne ke motsa ta fiye da jirgin sama. A 1950 Turai na da mutum kusan miliyan 550, Afirka kusan miliyan 230. Yau Afirka ta haura biliyan 1.5, ta ninka Turai. A Nijar mace na haihuwar 'ya'ya kusan 6, a Koriya ta Kudu lissafin 2023 ya nuna 0.72, bai kai ɗaya ba. Ƙasashen da suka fi tsaurara ƙofa su ne tsufa ya fi kamawa. Japan, wadda aka sani da ƙyamar baƙi ma'aikata, ta buɗe sabuwar hanyar biza a 2019 saboda ta rasa masu jinyar tsofaffi da masu aikin gini da gona. Sai dai dubi irin buɗewar. Hannun ake so, ba mutumin ba. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kusan mutum 9 cikin 10 baƙi ne, kuma mutum zai shekara talatin yana aiki a can, ranar da kwantiraginsa ya ƙare ya ɗauki jakarsa.

Ruwan da ya tara mu kuma ya fara sauya hali. Fadamun bakin teku da suka fi ko'ina cika, na Nilu da Mekong da Ganga, su ne mafi ƙasa-ƙasa, teku na ɗagowa, madatsu sun tare lakar da ke ɗaga su. Wasu sassan birnin Jakarta na Indonesiya suna nutsewa saboda yawan zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa, abin da ya sa gwamnati ta kama gina sabon babban birni a Borneo, tsibirin da ƙasarsa ta ƙi riƙe manoma tun farko. Mutanen Sahara na da, da ruwa ya juya musu baya, sun kaɗa shanunsu sun bi shi, ba wanda ya tare su a hanya. Manomin kudancin Bangladesh da gishiri ya cinye masa gona ba shi da wannan gata. Saiberiya ba ta cikin lissafinsa, Iowa ma haka. In ya nufi yamma ko arewa ko gabas, Indiya ta kafa waya a mafi yawan iyakar da ke tsakaninsu mai tsawon kilomita 4,096. Kudu teku ne. Sai ya ɗaure kayansa ya hau jirgin ruwa zuwa Dhaka, babban birnin ƙasarsa, inda mutum sama da miliyan 20 suka riga shi isa.